Turancin da aka ƙera a maƙera: tafiyata daga Dudley zuwa York

Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya san shafin nan na littafin Turanci inda ake jera salon maganar Turawa, kowanne da ma'anarsa a gefe, a ce a haddace kafin jarrabawa. Na haddace su ina ɗalibi, na kuma shafe shekaru ina sa yara su haddace a Zariya. "Let off steam" shi ne mutum ya huce haushinsa. "On tenterhooks" zaman ɗar-ɗar ne. "Flash in the pan" kuwa abin da ya taso da ƙarfi ya mutu nan take. Yaro zai rubuta daidai ya ci makinsa, amma ka tambaye shi wane tururi ne, wace ƙugiya, wane kasko, sai ya yi shiru. Saboda haka da ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a Manchester ya matsa lallai in zo in ga inda yake, sai na gindaya masa sharaɗi. Na ce ba fadar sarki nake son gani ba, ba filin ƙwallo ba. Ya kai ni inda tsofaffin injuna suke, in ga ƙarafan da aka ciro waɗannan maganganu daga jikinsu.

"Kawu, ai ka sauƙaƙa mini," in ji shi. "Ƙasar nan ba ta zubar da tsohon ƙarfe, gida ake gina masa."

Mun fara da Dudley, yamma da Birmingham, a yankin da suke kira Black Country, wato baƙar ƙasa. Kwal da hayaƙin maƙeru ne suka jawo masa sunan. Yanzu sararin sama ya washe, ciyawa ta rufe tsofaffin ramukan haƙar kwal, amma sun ware wani fili suka sake gina gari guda na da a cikinsa. Gidaje da shaguna da coci da makaranta, an kwance su daga inda suke, tubali bayan tubali, an kawo an sake ɗorawa a bakin mashigin ruwa da kwale-kwalen dakon kwal ke bi. Yayyafi ake yi ranar, ƙamshin hayaƙin kwal ya cika ko'ina.

A wani dogon ɗaki na jan bulo aka ajiye kwafin injin da Thomas Newcomen ya kafa kusa da nan a 1712. Damuwar masu haƙar kwal a lokacin ruwa ce: da rami ya yi zurfi sai ya cika, dawakin da ke jan guga su gaza. Injin Newcomen tukunya ce a ƙasa da silinda a kanta, sai ƙaton gungumen katako da aka ɗora bisa bango yana lilo. Tururi ya cika silinda, a fesa masa ruwan sanyi, ya koma ruwa ya bar wurin fayau, sai nauyin iskar duniya ya danna fistan ƙasa, ɗaya kan gungumen ya ɗaga ya jawo ruwa daga rami. Kusan sau 12 a minti ɗaya. Yana cin kwal ba kaɗan ba, sai dai a bakin ramin kwal yake, ba wanda ya damu. James Watt, wanda ya yi aiki da Matthew Boulton a Birmingham, shi ya zo daga baya ya rage masa ci. Da ya tashi tallata nasa ga mutanen da suka saba lissafi da dawaki, sai ya auna ƙarfin injin da ƙarfin doki. Har yau da wannan ma'auni ake faɗin ƙarfin janareta da injin ban-ruwa a kasuwanninmu.

Inda na fi daɗewa a Dudley shi ne rumfar masu ƙera sarƙa. Wani dattijo ne a ciki, da zugazugi da uwar maƙera da masaba da awartaki, duk kayan da maƙerin kowace unguwa a ƙasar Hausa zai gane. Ya zaro sandar ƙarfe daga wuta tana ja, ya yanke, ya lanƙwasa, ya zura ta cikin zoben da ya gabata, ya mayar wuta har ta yi fari, sannan ya haɗe bakin biyu da duka cikin hanzari. Idan ya yi jinkirin ƙiftawar ido ƙarfen ya huce, haɗin ba zai kama ba, kuma sarƙar da zobe ɗaya nata bai kama ba tana iya kashe mutum a jirgin ruwa ko a ramin kwal. Daga nan "strike while the iron is hot" ta fito, kuma wannan ba sai an yi mana fassara ba, mu ma muna cewa da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Sana'a ɗaya ce ta koya wa al'ummu biyu magana ɗaya. Ya nuna mana wani guntun ƙarfe da ya bari a wuta da gangan: ya soma tartsatsi yana zubewa, ya ƙone, ba ya sauran amfani. Maƙerin da ya jera ƙarafa da yawa a wuta lokaci guda haka wasu za su ƙone kafin ya kai kansu, shi ya sa suke ce wa mai kwaɗayin haɗa ayyuka barkatai yana da "too many irons in the fire". In kuma mutum biyu suka kaure da faɗa ba ji ba gani, sai a ce sun yi ta "hammer and tongs", da masaba da awartaki.

Abin da dattijon ya ƙara shi ne ya tsaya mini a rai. Ƙananan sarƙoƙi mata ne suke ƙera su, a 'yan rumfuna bayan gidajensu a Cradley Heath, galibi da jariri kwance a gefen wuta. Mace ta yi mako tana dukan ƙarfe ta tashi da abin da bai wuce sule 5 ba. A 1910 suka ajiye masaba, ƙarƙashin jagorancin Mary Macarthur, suka yi mako 10 suna yajin aiki har aka tabbatar musu da kwabo 2 da rabi a kowace awa. Da ragowar kuɗin da jama'a suka tara musu aka gina zauren ma'aikata, kuma shi ma an kwaso shi an sake gina shi a wannan fili. Na shiga na zauna a ciki. Tun daga nan na fara lura da cewa kusan kowace magana a cikin jerin nan da muke haddacewa, akwai wanda ya biya kuɗinta da jikinsa.

Manchester ban ba ta lokaci mai yawa ba. Mun ga tashar Liverpool Road, wadda aka buɗe a 1830, ɗaya daga cikin tashoshin fasinja mafiya tsufa da suka rage a duniya, yanzu tana cikin harabar gidan tarihin kimiyya da masana'antu. Amma ɗan ƙanwata sunan wani titi ya fi so in gani, titin Whitworth. Ya ce kafin 1841 kowace masana'anta a Ingila tana yanka zaren noti da kusoshinta yadda ta ga dama, notin wannan ba ya shiga ƙusar wancan, in inji ya lalace sai an koma wurin wanda ya ƙera shi. Joseph Whitworth ne ya tattara samfura daga ko'ina ya fitar da ma'auni ɗaya. Sai da aka yi haka noti da ƙusa suka zama abin da kowa ya sani, har Bature ya ce "nuts and bolts" yana nufin ainihin yadda abu ke tafiya, ba adon da ke samansa ba. Wanda hankalinsa ya ɗan taɓu kuwa suna cewa yana da "a screw loose". Nan muka yi dariya tare, domin a tasha da gareji mu ma haka ake cewa, notin kansa ya kwance, ko a ce wane ba shi da birki. Mota ta shigo mana da irin abin da injin tururi ya shigo musu da shi.

Kudu da Manchester, a ƙauyen Styal, akwai masaƙar Quarry Bank da Samuel Greg ya gina a 1784 a bakin kogin Bollin. Wuri ne mai kyau ƙwarai, kwari mai bishiyoyi da lambu, kuma kyan nasa yana iya ruɗar baƙo. A can ƙasan ginin akwai ƙaton gargaren ƙarfe da ruwa ke juyawa. Daga shi ƙarfi ke bin haƙoran ƙarfe da dogayen sanduna da ke ratsa rufin kowane bene, daga sandunan kuma bel na fata ya sauko kan kowane inji. Da ka tsaya ka bi abin da ido daga ƙasa zuwa sama, maganganu uku ko huɗu za su warware maka da kansu. Ma'aikacin da ya ce shi "a cog in the machine" ne, haƙori ɗaya yake nufi a cikin ɗaruruwan da ke cizon juna, wanda ba a san da shi ba sai ranar da ya karye. In sifana ta suɓuce ta faɗa tsakanin haƙoran nan, "a spanner in the works" ke nan, ba inji ɗaya za ta tsayar ba, benen ne gaba ɗaya, kuma tsayuwar ba shiru ake yin ta ba, da gurnani da ƙarar ƙarfe ne, "grind to a halt". Yadin da ya fito daga inji ba a tantance shi ba, ba a ware mai kyau da maras kyau ba, shi ne "run of the mill", wanda yau ake faɗa wa duk abin da bai da wani fifiko.

Wata mata mai nuna wa baƙi ta kunna mana injunan saƙa 'yan ƙalilan. Ƙoshiya tana wucewa ta dawo da gudun da ido ba ya kamawa, katakon da muke tsaye a kai yana rawa. Na yi wa ɗan ƙanwata magana a kunne bai ji ba. Ta kashe ta ce mu ƙiyasta ɗaki cike da su daga asuba zuwa dare. Masaƙan Lancashire, lardin masaƙun auduga da Manchester ke cikinsa a lokacin, kurmancewa suke yi, har suka koyi karanta leɓen juna daga nesa. Ƙurar auduga tana cika huhu. Zaren ƙoshiya da baki ake zuƙo shi ta ɗan rami, mai tarin fuka ya zuƙa, mai lafiya ya zo ya zuƙa bayansa.

Daga nan aka kai mu gidan yara, wanda aka gina a 1790. Marayu da 'ya'yan matalauta ake kwasowa daga gidajen gajiyayyu na Liverpool da wasu garuruwa, har kusan 90 a lokaci guda, a ɗaure su da takardar koyon sana'a. Awa 12 ko fiye suke yi a rana, kwana 6 a mako, ba albashi sai ci da kwana. Ƙananan cikinsu ake turawa ƙarƙashin injin kaɗi yana tafiya, su share ƙura su ɗaure zaren da ya tsinke. Akwai waɗanda suka bar yatsunsu a nan. Na ga gadajen katako da suke kwana biyu-biyu, gajeru, na yi ta tunanin 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da na sani. Kuma ana lissafa Greg cikin masu sauƙin hali a zamaninsa, tunda ya ajiye musu likita. Gidan tarihin bai ɓoye sauran labarin ba: iyalin suna da gonar rake a tsibirin Dominica da bayi ke nomawa, audugar da ta ciyar da masaƙun Lancashire kuma bayi ne suka tsince ta a kudancin Amurka. Na yaba musu da suka rubuta wannan a bango.

Audugar nan ce ta haɗa su da mu. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya datse musu ita, masaƙu suka rufe, yunwa ta shiga Lancashire, suka ƙudura ba za su sake dogara da ƙasa ɗaya ba. A 1902 aka kafa ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya a Manchester, wadda tsofaffinmu suka sani da BCGA, kuma ƙasar Hausa tana cikin wuraren da ta fi sa wa rai. Tana cikin masu matsa lamba a ja layin dogo zuwa Kano, wanda ya isa a 1911. Manoman Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, suka cika taragun da ita.

Jirgin da ke tashi daga Manchester zuwa Leeds yana ratsa duwatsun Pennine ta wani dogon rami, ya ɓullo a Marsden, daga nan an bar ƙasar auduga an shiga ƙasar ulu. Gidajen baƙin dutse ne a jikin tudu, tumaki a sama, dogayen bututun hayaƙi a kwari. A nan zancen ƙugiya ya fito. In an saƙa yadin ulu sai an jiƙa shi an kirɓa don ya yi kauri, to in aka bar shi ya bushe haka nan zai tsuke ya karkace. Sai a kai shi fili a miƙe shi a jikin dogon firam na katako mai suna "tenter", wanda aka jera wa ƙananan ƙugiyoyi sama da ƙasa, a ja shi ya yi tsam, kamar yadda majemi ke ɗame fata da turaku a rana. Mutumin da ke jiran sakamakon asibiti ko hukuncin alƙali, jijiyoyinsa a ɗame, shi ne yake "on tenterhooks". Firam ɗin sun ɓace, amma garuruwan yankin da dama har yau suna da titi ko fili mai wannan suna.

Bayan Dewsbury sai Batley, ƙaramin gari da jirgi ke wucewa ba a lura ba. A nan Benjamin Law ya fara wata dabara a 1813: a tattaro tsummokaran ulu, a saka a inji mai haƙora ya yayyaga su su koma zare-zare, a gauraya da sabon ulu kaɗan a sake saƙawa. Sunan wannan kaya "shoddy". Sana'a ce ta halal, ta tufatar da talakawa da araha, ta mai da yankin matattarar tsumman duniya. 'Yan kwangilar Amurka ne suka ɓata mata suna a lokacin yaƙin basasarsu, da suka ɗinka wa sojoji kaki da mafi ƙasƙancinsa, ruwan sama na dukansa yana wargajewa a jikin mutum. Tun daga lokacin duk aikin ha'inci sai a kira shi da sunan. Na ga rashin adalci a nan, domin laifin ɗan kwangila ne aka ɗora wa masu tsintar tsumma.

A Leeds gidan makamai na masarauta muka shiga, wanda aka buɗe a 1996. Mutane sun fi taruwa wurin sulken giwa da aka kawo daga Indiya. Ni bindigogin ƙyastu na nema, kuma da na gan su ban ji baƙunta ba, domin dangin bindigar mafarautanmu ne da ta 'yan bindigar sarki a hawan salla. Kashi uku ce: bututu, ƙota, da kan da ke ɗauke da kunama da dutsen ƙyastu. Maƙera daban-daban ne ke yin kowanne, don haka wanda ya sayi "lock, stock and barrel" ya sayi abu dukansa bai bar komai ba. A gefen bututun akwai ɗan kasko da ake zuba albarushi kaɗan. In aka ja kunama, dutse ya daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kaskon, wuta ta bi wani ɗan rami ta tayar da babban albarushin da ke ciki. Wani lokaci ramin ya toshe ko albarushi ya jiƙe, sai kasko ya yi walƙiya da hayaƙi, harsashi na nan zaune. Ga "flash in the pan". Wani lokaci wutar ta yi jinkiri, mai harbi ya zaci ta mutu, ya sauke bindiga sannan ta tashi, ga "hang fire", da ake faɗa wa al'amarin da aka jingine. Kunamar tana da matsayi biyu, rabi don a yi ɗuri cikin aminci, cikakke don harbi. Wadda ta ci ta lalace takan kuɓuce daga rabin, shi ne "go off half-cocked", mutum ya afka wa abu bai shirya ba. Ga soja a fagen fama ko maharbi gaban ɓauna, kowace ɗaya daga cikin ukun nan tana iya zama ajali.

Birmingham, maƙwabciyar Dudley da muka baro, ita ce ta riƙa ƙera irin waɗannan da araha, dubbai a shekara, ana kai su gaɓar Afirka ta Yamma ana musayarsu da mutane. Har iyalin Galton, 'yan ɗariƙar Quaker da ke wa'azin ƙin yaƙi, da wannan ciniki suka yi arziki, sai da 'yan ɗariƙarsu suka yi tir da su.

York ita ce ƙarshen hanya, kuma saboda mahaifina na fi ɗokin ta. Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne, shekarunsa na ƙuruciya a gaban wutar kan jirgi ya yi su yana zuba kwal da shebur, tsakanin Zariya da Kano da Minna. Gidan tarihin jiragen ƙasa yana daf da tasha, an buɗe shi a 1975, shiga kyauta. A tsakiyar zauren ga Mallard, shuɗiya mai sulɓi, wadda ta yi gudun mil 126 a awa ranar 3 ga Yuli 1938, gudun da babu jirgin tururin da ya karya har yau. Amma wanda ya riƙe ni wani kan jirgi ne mai suna Ellerman Lines, da aka tsaga gefensa aka bar cikinsa a buɗe, aka shafa wa kowane sashe launi. Ka ga akwatin wuta, ka ga ɗaruruwan bututu da zafi ke bi ta cikin ruwa, ka ga inda tururi ke taruwa kafin ya gangara ya tura fistan. Nan na ga wurin da Baba yake tsayawa, da ƙofar da yake jefa kwal, da yadda wurin yake da ƙunci.

Jirgin da ya kwana a sanyi sai an yi awoyi ana hura shi kafin ya motsa, shi ne "get up steam". In aka zo hawan tudu mai wuta ya gaza, ko kwal ya zama maras kyau, allurar ma'auni ta yi ta sauka har jirgi ya tsaya a daji, "run out of steam" ke nan, kuma kan mai wuta laifin ke sauka. Wanda ya isa tasha da kansa ba a jawo shi ba ya zo "under its own steam". Wanda ya kauce daga dogo ya yi "off the rails", wanda ya kasa tsayawa ya daki shingen ƙarshen layi ya yi "hit the buffers". Yau 'yan jarida na faɗin waɗannan a kan gwamnati da kamfani da ƙungiyar ƙwallo.

A saman tukunyar akwai wani ɗan bawul da bai kai tulu ba, shi ne mai rai. Denis Papin, Bafaranshe da ke aiki a Landan, ya ƙirƙiro shi a 1679 don tukunyarsa ta dafa ƙashi. In matsin tururi ya wuce ƙima, sai ya ɗaga da kansa ya saki abin da ya yi yawa da ƙara mai tsinka kunne. Injin Newcomen bai da matsi sosai, amma da Richard Trevithick ya shigo da tururi mai ƙarfi sai tukwane suka fara fashewa. Ɗaya daga cikin nasa ta fashe a Greenwich a 1803 ta kashe mutum 4. Tukunyar Locomotion, jirgin da ya buɗe layin Stockton zuwa Darlington a 1825, ta fashe a 1828 ta kashe direbanta. A Amurka a 1831 mai wutar wani jirgi a Charleston ya gaji da ƙarar bawul ɗin ya danne shi, tukunya ta tashi da shi. Direbobi sun riƙa ɗaure shi don su sami ƙarin ƙarfi a tudu, har sai da John Ramsbottom ya ƙera wanda ba ya ɗauruwa a tsakiyar shekarun 1850. To wanda ya ce bari abokinsa ya yi "let off steam", ba wasa yake faɗa ba. Ilimi ne da aka saya da gawawwaki: abin da aka hana fita ta ƙaramar ƙofa zai fita ta bango. Ina ganin iyaye da shugabannin makarantu da masu mulki duk suna da buƙatar tsayawa gaban wannan bawul.

Da la'asar muka taka zuwa tsohuwar ganuwar York, wurin hasumiyar Clifford da ginin kotu da tsohon kurkuku. Kalma ɗaya ta rage mini. A Turancin yau in an ce mutum "Luddite" ne, ana nufin baƙauye mai tsoron waya da kwamfuta, ana faɗa ana murmushi. Mutanen da aka fara kira da sunan ba jahilan inji ba ne. Sun fara a yankin Nottingham a 1811, masu saƙar safa, suna sa hannu a wasiƙunsu da sunan wani shugaba na ƙage, Ned Ludd. A Yorkshire kuwa, lardin su Marsden da Leeds da York, masu aske yadin ulu ne, ƙwararru da ke sarrafa almakashi mai nauyin da yaro ba zai ɗaga ba, sana'ar da ake shekaru ana koyo. Aka kawo inji da ke yin aikin mutum da yawa, a lokacin da yaƙi da Faransa ya tsayar da ciniki, burodi ya yi tsada, doka kuma ta haramta ƙungiyar ƙwadago. Sun kai kuka majalisa ba a saurare su ba. Sai suka ɗauki manyan gudumomi da dare. Maƙerin Marsden, Enoch Taylor, shi ke ƙera injunan, shi kuma ke ƙera gudumar, don haka suka sa mata suna Enoch, suna cewa Enoch ya yi su, Enoch zai fasa su.

A Afrilun 1812 suka kai hari masaƙar Rawfolds aka harbe biyu daga cikinsu. Bayan 'yan makonni wasu suka yi wa William Horsfall, mai masaƙa a Marsden, kwanton ɓauna suka kashe shi. Wannan kisa ne, ba na wanke shi. Gwamnati ta cika yankin da dubban sojoji da 'yan leƙen asiri, aka kawo waɗanda aka kama nan York. A Janairun 1813 aka rataye mutum 17, uku saboda Horsfall, sauran saboda harin masaƙa da fasa gidaje neman makamai. Da yawansu magidanta ne masu ƙananan 'ya'ya.

Ɗan ƙanwata, wanda karatunsa gaba ɗaya a kan injunan da ke aiki ba hannun mutum ne, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Kawu, a ajinmu zagi ne wannan suna."

Na ce masa ya duba shekarun da kansa. Majalisar Ingila ta zartar da dokar kisa a kan mai fasa injin saƙa a 1812, cikin 'yan makonni. Dokar da ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 9 aiki a masaƙa, tare da naɗa masu zagayawa su tabbatar an bi ta, sai 1833 aka yi ta, kuma masu duban da aka naɗa wa ƙasar gaba ɗaya su 4 ne.